Na sayi Corolla tokumbo amma wani wari ya hana ni sakat, ta ina zan fara?

Baban Khairat: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhamdulillahi bayan shekara shida ina kan babur, ranar Alhamis ɗin da ta wuce Allah ya nufa na sayi mota, Corolla LE 2010 ce 'yar Amurka, tokumbo, giya otomatik, kujerun yadi ne ba na leda ba, mita tana nuna 148,000 da 'yan kai. Inji lafiya lau, ba hayaƙi ba ƙara, AC kamar firji. Matsalata wari ne. A wajen dillalai ban ji komai ba don sun yi mata wanka da turare har sun rataya wani a madubi, sai da ta kwana biyu a gida turaren ya sake ta sannan gaskiya ta fito. Da safe in na buɗe ƙofa wani irin wari ne yake bugo ni kamar na jiƙaƙƙen tsumman da aka manta a bokiti, in na kunna AC kuma ya ƙaru na 'yan mintuna sannan ya lafa. Maman Khairat sau ɗaya ta shiga ta ce ita dai a mayar da ita kan babur ya fi mata. Bayan wannan akwai wani gashi fari-fari gajeru a kujerar baya da cikin but, fitilun gaba sun yi rawaya, fentin ma in ka shafa sai ka ji kaushi. Kuɗin da ya rage a hannuna ba yawa. Wani abokina ya ce in kai ta kawash a fitar da kujeru da kafet a wanke komai da injin ruwa har inji, a juye mata baƙin mai 20W-50, shi kenan magana ta ƙare. Haka ne? Me zan fara, me zai iya jira?

Maman 'Yan Biyu: Masha Allah, Allah ya sanya alheri ya tsare sharrin ƙarfe. A gaida Maman Khairat, a ce ta yi haƙuri ta shigo, babur ai an yi sallama da shi.

Direban Kano-Jos: Allah ya sa a kashe lafiya ƙanena. Amma wannan abokin naka kar ka ƙara neman shawararsa a kan mota.

Oga Makaniki: Wa alaikumus salam. Da farko wannan 148,000 ɗin mil ne ba kilomita ba tunda 'yar Amurka ce, ka ninka da 1.6 za ka ga ta doshi kilomita 237,000, in ma ba a taɓa mitar ba ke nan. Ba abin tsoro ba ne a wannan injin, amma ka san da wa kake zaune. Na biyu kar ka wanke komai tukuna. Wari irin wannan ruwa ne ya kwanta a wani waje, in ka wanke yanzu ka ɓatar da shaida, ka kuma ƙara ruwa a kan ruwa. Yau ɗin nan ka cire tabarmin ƙafa ka danna kafet da tafin hannunka da ƙarfi, gaba da baya, dama da hagu, musamman gefen mai zaman banza can ƙasan das bod. Ka ɗaga but ka fitar da safaya ka leƙa raminta. Ka zo ka gaya mana abin da ka gani.

Na Yerwa: Ni abin da nake jin tsoro kar a ce motar ambaliya ce. Mu nan mun ga abin da ruwa yake wa mota lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, motocin da suka kwana cikin ruwa an wanke su fes amma bayan wata biyu uku sai wayarin ya fara hauka, yau gilas ya ƙi sauka gobe fitilar das bod ta kama kanta. Kuma can Amurka ma haka ne, bayan guguwar Harvey da ta ci Houston a 2017 motocin ruwa sun cika wuraren gwanjo, kuma an san ina irinsu suke ƙarewa. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin datti a jiki, ka haska ƙasan kujeru da tocila ka ga ƙarfen da kujera take gudu a kai ko ya yi tsatsa, ka buɗe akwatin fis ka ga ko ƙafafun sun yi kore-kore. Laka busasshiya a lungun da hannun mai wanki ba ya kaiwa ita ce babbar alama.

Baban Khairat: Innalillahi. Malam ka tsinka min zuciya wallahi, ko abincin rana na kasa ci.

Mai Wayarin: Kwantar da hankalinka Baban Khairat, ba a yanke hukunci ba tukuna. Ka ɗauki lambar VIN, tana ƙasan gilashin gaba gefen direba, haruffa da lambobi 17 ne, ka rubuta ta a Google yadda take. In ta bi ta gwanjon Copart ko IAA, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna fitowa, ka ga inda aka buge ta da abin da mita take nunawa a ranar. In kana da hali ka biya a ciro maka Carfax, wato rahoton tarihin motar. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka tabbata fitilar cek inji da ta ABS da ta iyabag duk sun kama, sannan su mutu bayan ka tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko to an kashe ta ne da gangan, na sha buɗe mita in tarar an manna baƙin salatif a kan ƙwan.

Alhaji Mai Fijo: Yaran zamani kun cika wahalar da kanku. Na riƙe 504 shekara goma sha tara, ba Google ba komai. Ka zuba mata mai kauri 20W-50, ka sa a cire tamostat, abin nan da ke tsare ruwan inji sai ya yi zafi, a haɗa fanka dairek, ka ga ko za ta taɓa yin zafi. Waɗannan abubuwan don ƙasar ƙanƙara aka yi su, mu nan Kano a watan Afrilu zafi yana haura 40.

Oga Makaniki: Ranka ya daɗe Alhaji, girmanka ne, kuma a kan 504 ban isa in ja da kai ba. Amma wannan injin daban ne. 2ZR ne mai VVT-i, da matsin baƙin mai yake juya taimin ɗinsa, ta wasu 'yan hanyoyi ƙanana masu rariya. Littafinta na Amurka 5W-20 ko 0W-20 ya ce. Lambar farko mai W tana nuna yadda man yake gudu in inji ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in inji ya kai digiri 100. To inji ko a Kano ko a Kanada in ya ɗau zafi kusan wuri ɗaya yake tsayawa, don tamostat ne yake riƙe shi, yana buɗewa wajen digiri 82. In ka cire shi inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur, ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Ni a irin wannan mil ɗin da zafinmu 5W-30 nake zuba wa kwastomomina kuma ban ga matsala ba. Lita huɗu da ɗan ɗori take sha, galan ɗin lita huɗu ba ya cika ta sosai.

Alhaji Mai Fijo: Wancan man kamar ruwan shayi, inji ya tsufa ai shanye shi zai yi.

Direban Kano-Jos: Alhaji a nan kam ina bayanka rabi. Motar da aka riga aka saba mata da mai kauri shekara da shekaru a hannun 'yan gida, ringi ya ci, in ka koma mata da siririn mai za ka yi ta ciko. Na gani a Sharon ɗina. Amma tasa yanzu ta sauka, ba ta san 20W-50 ba, me zai sa ya koya mata? Ya zuba abin da Oga ya ce ya riƙa zaro sandar gwaji duk sati da safe kafin ya tayar, in ta yi kilomita dubu ba ta rage ba shi kenan.

Shugaban Zaure: Jama'a maganar tamostat mun yi ta sau uku a zauren nan ba a tashi da kowa ya sauka daga ra'ayinsa ba. Bawan Allah wari ya kawo ƙara, a taimaka masa da wari tukuna.

Baban Khairat: Na dawo. Bel fes yake har ƙarshe, ramin safaya a bushe, ba laka, sai wasu kwabban Amurka guda uku da biro da busasshen soyayyen dankali a ƙasan kujera. Na sa VIN hotuna sun fito, bugu ne a bamba ta baya da murfin but, mita a hoton 146 da wani abu, kenan ba a taɓa ta ba, alhamdulillah. Amma gefen mai zaman banza da na danna kafet sai da ruwa ya fito tsakanin yatsuna, sama a bushe kamar ba komai, ƙasa kuwa jagab. Gefen direba lafiya.

Oga Makaniki: Madalla, ka je ka ci abincinka. Tiyon AC ne kusan tabbas. AC yana tatsar ruwa daga iska, ruwan ya taru a wani akwati a bayan das bod ya bi wani ɗan baƙin tiyo ya zuba ƙasa, shi ne ɗigon da kake gani a ƙarƙashin mota in an faka da AC a kunne. In ganye ko datti ya toshe shi, ko ya zame daga mazauninsa, sai ruwan ya dawo ƙafar fasinja, kuma yanzu damina ce iska cike take da laima, ruwan da yake tatsa ba kaɗan ba ne. Gwaji: ka kunna AC minti goma sha biyar a kan siminti busasshe ka leƙa. In ba ɗigo to ka kama ɓarawo. Mai AC zai busa masa iska ya buɗe, aikin minti goma ne, kar wani ya ce maka sai an sauke das bod. In kuma ruwan yana da santsi, launinsa ja-ja, yana ɗan ƙanshin zaƙi, wannan na hita ne, maganar ta canza. Shafa ka shinshina.

Baban Khairat: Ruwa ne zalla, ba santsi ba kala. Kuma na gwada, ko ɗigo ɗaya bai sauka ƙasa ba.

Na Yerwa: Alhamdulillah, na ji daɗi da hasashena bai zama gaskiya ba. Ka yafe ni da abincin rana.

Maman 'Yan Biyu: To tunda an gano, in an gyara ka bar wa Maman Khairat sauran aikin. Ta sa garwashi a kasko ta zuba turaren wuta mai kyau irin na 'yan Maiduguri, a rufe gilasai minti ashirin, wallahi sati biyu motar tana ƙanshi. Haka nake wa tawa duk Juma'a.

Ɗan Kawash: Hajiya da girman kujerarki, amma kar ya yi yanzu. Turare a kan fumfuna wani sabon wari yake haifarwa wanda ya fi na farko tayar da zuciya, abin da dillalan suka yi ke nan ai. Kuma garwashi a mota, na taɓa karɓar wata da kasko ya kife a kujerar baya, ramin ƙuna uku kamar an ɗana mata sigari. Shekara tara nake wannan sana'ar bari in faɗi yadda za a yi. Abin da ya jiƙe ba kafet ɗin ba ne kawai, akwai wani soso mai kauri a ƙarƙashinsa, shi ne yake riƙe ruwa kamar katifa, in ba a ɗaga ba ko wata guda ka shanya motar a rana ba zai bushe ba. A cire robar bakin ƙofa a ɗaga kafet ɗin gefen, a tokare shi da katako, a matse soson da tawul har ya daina ba da ruwa, a fesa masa ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a kafa masa fanka ta tsaye ta kwana biyu tana busawa, ƙofofi a buɗe in gida da get. Warin khal ɗin da kansa yake tafiya. Sai ya bushe ƙayau a mayar. Daga nan ka sa gawayi a tsohuwar safa guda biyu ka tura ƙasan kujeru, yana shan sauran warin. Bayan sati biyu in Hajiya ta ce turare, a turara tsumma a waje a saka a ciki, ba a shigo da wuta ba.

Maman 'Yan Biyu: To Ɗan Kawash na ji, amma ni shekara biyar ban ƙona komai ba.

Mai Wayarin: Ƙari a kan maganarsa, in har za a cire kujerar gaba, akwai soket mai ruwan ɗorawa a ƙasanta, na iyabag ne. A kashe mota a cire kan batir na negetif a jira kamar minti biyu kafin a taɓa shi, kuma kar a murɗa makulli sai an mayar da shi. Yaran kawash da yawa fizge shi suke yi, ka karɓi motarka da fitilar iyabag a kunne ka zo wajenmu ka biya kuɗin kwamfuta a banza. Kuma kujerar fasinja tana da na'urar da take gane an zauna, ba a yi mata ambaliya da tiyo. Tunda ma maganar iyabag ta zo, Corolla na waɗannan shekarun suna cikin waɗanda aka yi wa kiranye, wato kamfani ya ce a dawo da su a gyara, saboda iyabag ɗin kamfanin Takata na gefen fasinja, wanda zafi da laima suke lalata sinadarinsa. Ka sa VIN ɗinka a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi ba.

Oga Makaniki: Kar ka manta filtar AC, tana bayan akwatin das bod na gaban fasinja, ka matse gefe da gefe ya sauko za ka ga wani siririn murfi. Rabin masu Corolla a garin nan ba su san tana nan ba. Ka zaro ta ka turo mana hoto mu sha kallo.

Baban Khairat: Oga ba sai na turo ba, kunya ma nake ji. Baƙa ƙirin, ga ganyaye ga irin gashin nan cunkus. Wai gashin mene ne haka?

Ɗan Kawash: Kare ne. Turawa a kujerar baya suke ɗaukarsu kamar 'ya'ya. Injin shara ba ya cire shi duka don yana soke yadi kamar allura. Ka sa safar hannu ta roba irin ta wanke-wanke, ka ɗan jiƙa ta, ka riƙa shafa kujerar gefe ɗaya, za ka ga yana dunƙulewa, sai ka bi da injin shara. Bayan nan kumfa kawai ake sa wa kujerar yadi, ba ruwa ba, a goga da buroshi mai laushi a bi da farin tawul ana dannawa har tawul ya daina baƙi. Rufin sama kuwa a shafa a hankali, gam ne ya riƙe shi, in ya sha ruwa zai saki ya sauko maka a ka.

Baban Khairat: Kare kuma? Subhanallah, kuma da kayan sallata na zauna a bayan nan jiya ina duba bel.

Malamin Islamiyya: Baban Khairat kar ka shiga waswasi. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne, balle busasshen gashinsa a kujera. Shafi'iyya ne suka tsananta a kansa, su ma sai in da danshi. Ka share don tsafta da lafiyar yara, sallarka tana nan.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen zaure. Mu nan yawanci na Turai muke samu ta Kwatano, kuma abin da ya fi cin mu tsatsar ƙasa ce, don can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Amurka ma jihohin arewa haka suke. Ka hau da ita rami ka duba ƙasanta da bututun birki da salansa, kuma a wanke ƙasan da ruwa sosai sau ɗaya. Wannan wankin kam na yarda da injin ruwa.

Direban Kano-Jos: In ka hau ramin ka duba indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, tana nan ko an kwashe, don tsakanin tashar jirgin ruwa da Kano hannaye da yawa mota take bi. Sai taya. Kar zanen ya ruɗe ka, ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe sati da shekara ne, misali 2318 sati na 23 ke nan a 2018. Kuma in ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, tayar sanyi ce, robarta laushi gare ta, kwaltar Zariya da azahar cinye ta take yi. Ni taya nake fara saya kafin komai, don ban taɓa jin wari ya kashe mutum ba, taya kuwa na ga abin da ta yi a hanyar Saminaka da idona. Iska kuma ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, 30 ne ko 32, masu faci in ka ƙyale su 50 za su ɗura maka.

Baban Khairat: Na gaba biyu 2021 ne, na baya ɗaya 2019 ɗaya 2015. Safaya kuma 'yar siririyar nan ce.

Direban Kano-Jos: Ta 2015 ɗin nan ta fita gobe. Siririyar kuma ta kai ka wajen mai faci ce kawai, kar ka wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, mil 50 ke nan a mitarka.

Alhaji Mai Fijo: To ni dai ba a karɓi shawarata a kan mai ba, amma inji kam a wanke shi da kananzir da omo ya yi ƙyalli, makaniki ma ya fi jin daɗin taɓawa.

Mai Wayarin: Alhaji rabin abincina daga wankin inji yake fitowa, don haka da son raina ne da na yi shiru. Wannan kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa, guda huɗu, in ruwan matsi ya shiga ramin sai ta fara rawa tana tsallake wuta tun kafin ka fita daga kawash. Ga altaneto ga akwatin fis, kwamfutar ma a wannan ƙirar a ɗakin inji take kusa da batir. Kananzir kuma yana cin roba. Ya bar shi da ƙurarsa wata guda ma tukuna, ƙura ita take nuna inda mai yake tsatsafowa. Ya duba wajen famfon ruwan inji (wata famfo) gefen bel ɗin inji, in ya ga busasshen abu ruwan hoda-hoda kamar gishiri to ya fara yoyo, sun saba da haka. Daga baya tsumma da buroshin fenti sun isa.

Oga Makaniki: Bari in jera maka yadda zan kashe kuɗin in nawa ne. Tiyon AC da filta, baƙin mai da filtarsa, tayar nan guda, iya kilina wato filtar iskar inji. Filtar man wannan ta takarda ce da ake sakawa cikin gwangwanin roba, akwai sifana ta musamman, kar ka bari a sa mata cizil da guduma, kuma a canza zoben robar da yake zuwa a kwalin. A kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu duka, ka tafi da wanda ya san kaya. Lagireto in ruwan hoda ne a ciki mai tsabta ka bar shi, in ya ragu ka cika da irinsa, ban da fiya wata ban da ruwan rijiya, kanwarsu take toshe shi, kuma ba a buɗe murfin da zafi. Man giya WS take sha, ba jan man da ake aunawa a kwalba ba, in za a canza a sauke na cikin tire kawai a mayar da daidai abin da ya fita, kar a yi mata wankin giya da inji a wannan mil ɗin. Man birki DOT 3. Taimin sarƙa ne ba bel ba, sitiyari kuma na lantarki ne ba shi da mai, duk wanda ya ce ka kawo kuɗin man sitiyari ka san da wa kake magana. Juye kuma ni a ƙurarmu kilomita 5,000 nake cewa, ka tuna mitarka mil take ƙirgawa, wajen 3,000 ke nan. Fenti da fitila su jira albashi.

Ɗan Kawash: Su jira, amma kafin nan kar a ƙara lalata su. Omo da sabulun wanke-wanke suna cire ɗan man da ke kare fenti, shi ya sa motocinmu suke dusashewa shekara ɗaya. Shamfun mota ba shi da tsada kuma murfi ɗaya ya isa bokiti. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma, daga sama zuwa ƙasa, a inuwa, tsumman taya daban. Babban abin da ya fi ɓata min rai shi ne maigadi ko yaro ya tashi da safe ya goge ƙura da busasshen tsumma, wannan da sanfefa duk ɗaya ne, bari hunturu ya shigo ka gani. A watsa ruwa tukuna. Kar ka faka a ƙarƙashin darbejiya don inuwa, kashin tsuntsu in ya kwana biyu a rana sai ya ci fenti ya bar tambari. Kuma kar ka yarda a shafa maka man birki a taya ko das bod wai don ƙyalli, in ya ɗiga a fenti ɗaye shi yake yi.

Maman 'Yan Biyu: Fitila kuma na ga ana goge ta da makilin, da gaske ne?

Ɗan Kawash: Yana yi Hajiya, na wata ɗaya ko biyu. Roba ce ba gilas ba, rana ce ta ƙone fatar da aka shafa mata a kamfani. Gyaran gaske a bi ta da sanfefa mai laushi da ruwa, 1000 sannan 2000, a goge da folish, sannan a fesa mata kiliya mai kare rana. In ba a fesa ba rawayar dawowa take yi har ta fi da.

Baban Khairat: Jama'a ga rahoto bayan kwana shida. Mai AC ya zare tiyon ya busa, wani baƙin ruwa ya zubo ya kusa cika robar fiya wata biyu, har da ganye. Kafet ya kwana uku a ɗage da fankar ɗakinmu, Maman Khairat tana ta mita an ɗauke mata fanka saboda mota. An yi juye da 5W-30, Alhaji a yi min afuwa, tamostat ma yana nan. Na canza tayar baya, indomi tana nan, ƙasa tsatsa kaɗan ce a salansa. Gashin kare na cika leda guda kuma har yanzu in na duba sai na ga wani. Warin ya tafi kusan duka, sai ɗan kaɗan da safe in na fara kunna AC.

Oga Makaniki: Wannan na jikin ibaporeta ne, abin da ke sanyaya iskar AC a bayan das bod. Akwai kumfar wanke AC ta gwangwani da ake turawa ta tiyon nan, ka sa a yi mata sau ɗaya. Kuma in ka kusa gida ka kashe maɓallin AC ka bar fanka tana busawa minti biyu, ya bushe kafin ka faka.

Alhaji Mai Fijo: Allah ya sa albarka yaro. Watan Afrilu dai yana nan tafe, ina nan ina jiranku.

Maman 'Yan Biyu: Ni tambayata ɗaya, ta shiga ko ba ta shiga ba?

Baban Khairat: Ta shiga Hajiya, jiya na kai su Rimi ita da yara. Yanzu rigimar da ake ciki Khairat ta zubar da zoɓo a kujerar baya. Ɗan Kawash kana kusa?

Ɗan Kawash: Kar ka goga, ka danna da tawul da ruwan sanyi. In bai fita ba ka turo hoto.